Matakala goma sha takwas

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na Gusau da Kaura Namoda da Talata Mafara. Ina magana da ku ne daga ƙofar ɗakin karatu na jami'ar da nake karatu a nan Ingila. Ku dubi wannan maɓalli da ke jikin bango, an sanya shi daidai inda hannun mai keken guragu zai kai, kuma da ya danna shi ƙofa za ta buɗe da kanta. Duk lokacin da na wuce ta nan sai ƙanena ya faɗo mini a rai.

Shan-inna ta kama shi tun yana ɗan shekara uku, amma bai taɓa yarda a bar shi a baya ba, har Allah ya sa ya samu gurbi a wata babbar makaranta a Arewa. Ajinsu yana saman bene, matakala goma sha takwas, shi da kansa ya ƙirga. Kullum sai abokansa biyu sun ɗauke shi, na uku ya biyo su da keken, ranar da suka makara kuwa sai ya zauna a ƙasa yana jiyo muryar malami ta taga. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ranar da ya gaya mini cewa ya daina shan ruwa da safe, ko a zafin watan Afrilu, domin ƙofar banɗakin ba ta ɗaukar kekensa. Da ya nemi a sauko da ajin ƙasa, amsar da ya samu ita ce an riga an fitar da jadawali.

A nan, dokar daidaito ta shekarar 2010 ta wajabta wa jami'o'i su yi wa ɗalibi mai buƙata ta musamman gyaran da ya dace. Akwai wata makauniya a ajinmu wadda ake tura wa darasi tun kafin ranar lacca, manhajar NVDA ta karanta mata shi a kunne, a jarrabawa kuma a ƙara mata lokaci. NVDA kyauta ce, kuma tura darasi ba ya cin ko kwabo.

Mu ma muna da doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika tun farkon 2024. Hukumar JAMB ma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Ke nan an buɗe musu ƙofar shiga, sai dai cikin gidan ne ba a share ba.

Jami'o'in Tarayya na Gusau da Birnin Kebbi a 2013 aka kafa su, gine-ginensu da yawa suna nan tafe, kuma yin gangara tun daga tushe ya fi fasa gini daga baya sauƙi. Malamaina da ke kallona, don Allah a zangon karatu mai zuwa, kafin a lika jadawali, a tambayi shugaban kowane aji ko akwai wanda ba ya iya hawa bene. Ƙanena yana shekarar ƙarshe yanzu, kuma har yau ɗaukarsa ake yi.