Kabewar Halowin da yaranmu: jawabi a taron wata-wata na ƙungiya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi. Ba zan cinye lokaci ba don na ga an fara leƙen kulolin abinci.

Maganar yaranmu ƙanana ce ta tashe ni. Oktoba ta shigo, kowa ya ga manyan kantunan nan Ingila, Tesco da Aldi, sun tula kabewa a bakin ƙofa, ranar 31 ga wata kuma, ranar bikin Halowin, yaran maƙwabta za su sa kayan dodanni su bi gida gida neman alawa kamar masu tashe, namu kuwa suna manne da taga suna kallo. Da yawanmu ba ma barin su fita, kuma ni ma ina nan a kan haka, to amma yaro ɗan shekara biyar ka ce masa a'a kawai ka ja labule, wallahi bai gane komai ba sai dai ya ga an hana shi abin daɗi. Kafin ya huce kuma 5 ga Nuwamba ta zo da wasan wutarsu na Guy Fawkes, a sake wani kukan.

Abin da ya fi ba ni haushi ma kabewar. Yaranmu sun ɗauka abar wasa ce, a fafe ta a yanka mata ido da baki a sa kyandir, bayan kwana biyu ta tafi bola. Ba su san ita ce uwar miyar taushe ba. Ko da yake irin waccan ta fafewa ruwa ne zalla, Hajiyoyi sun fi ni sani, in miya ake so gara irin kabewar da suke ce wa butternut.

Shawarata mu sa su shuka da hannunsu. Ba sai kana da babban fili ba. Yanzu ma lokacin tafarnuwa ne, Oktoba zuwa Nuwamba, ka ɓare ta ɗaya ɗaya ka ba yaro ya tura cikin ƙasa tsinin yana sama, ko a bokiti ne mai huda a gindi, sanyi ba ya kashe ta, sonsa ma take yi, sai Yuni ko Yuli a tono. Kabewa kuwa a Afrilu ake fara ta a ƙaramin kofi a bakin taga, kar a kai ta waje sai ƙarshen Mayu in daskarewar dare ta wuce, in ba haka ba dare ɗaya ka tarar da ita ta langaɓe. Sannan a kula da dodon koɗi, ƙasar nan suna da shi kamar me, yara kuma suna son fita da tocila su tsinto su, aiki ya samu. Alayyafo yana yi sosai lokacin zafi. Kuɓewa da yakuwa dai sai mai rumfar leda ko ɗakin gilashi, rana ba ta isarsu a Ingila.

Masu zama a fulat, kansul na ba da hayar 'yar gona da suke ce wa alotmen, kuɗin shekara ba yawa, matsalar layin jira ne, wani wurin sai a yi shekara da shekaru. Shi ya sa nake roƙon sakatare ya tambayo mana ko ana ba ƙungiya, in ba a bayarwa mutum biyu ko uku su sa sunansu tun yanzu.

Na bana kuma, tunda hutun tsakiyar zango yana faɗowa ƙarshen Oktoba, mu kama hol ɗin nan ranar Asabar, a yi tuwo da taushe da waina, yara su cire 'ya'yan kabewa su wanke su shanya, kowa ya tafi gida da nasa iri a ambulan da sunansa a jiki. Alawa ma a saya musu, ba laifi. Takarda na wajen ma'aji, duk mai kawo wani abu ya rubuta kafin ya fita. Na gode.