Wane Mazubi Za a Zuba Takardar Sirri a Ciki?

Assalamu alaikum. Jama'a, kafin mu yi nisa ina so ku riƙe tambaya ɗaya. Idan ka tura wa mutum takarda mai ƙa'ida a kanta, cewa wane ne zai karanta, wane ne zai buga, wa ke tsare wannan ƙa'ida bayan fayil ɗin ya bar kwamfutarka? Amsar tana cikin irin mazubin da ka zaɓa, wato nau'in fayil ɗin da ka zuba takardar a ciki.

Mu fara da ZIP, tunda kowa ya san shi. Phil Katz ne ya fito da shi a 1989. Kullensa na farko, wanda ake kira ZipCrypto, Eli Biham da Paul Kocher sun nuna hanyar fasa shi tun 1994, amma har yau akwai manhajojin da ke amfani da shi. Daga baya aka shigo da wani salon kulle mai suna AES, wanda yake da ƙarfi. Sai dai ko da AES ɗin, sunayen fayilolin da ke cikin ZIP na yau da kullum a fili suke. Idan ka sa wa takarda suna "jerin waɗanda za a kora", ai ka gama tona asirin tun ba a buɗe ba. Tsarin 7z, wani mazubi mai kama da ZIP, na iya ɓoye sunayen, in ka umarce shi.

To ga PDF, nan ne zan ɗan daɗe, domin nan mutanenmu suka fi ruɗuwa. Kalmar sirri biyu gare shi. Ta farko ta buɗewa ce, kuma tana kulle abin da ke ciki da gaske, musamman a PDF 2.0 na 2017 mai AES-256. Ta biyu ita ce ta mai takarda, wadda ke hana bugawa ko kwafa. Wallahi wannan ta biyun roƙo ce kawai. Fayil ɗin na ce wa manhajar da ta buɗe shi, don Allah kada ki bari a buga ni. Manhajar kirki sai ta ji, wata kuma ta yi kunnen uwar shegu, domin rubutun ya riga ya buɗe a hannunta. Na sha ganin ofis ya raba takardar albashi haka, shugaban yana ganin ya tsare ta.

Matsalar duk mazubin da ke dogara da kalmar sirri ɗaya ce: ranar da ka ba mutum kalmar, ka ba shi mabuɗin har abada. Ko ya bar aiki gobe, kwafinsa na buɗewa.

Shi ya sa aka yi wani nau'i na daban. Microsoft ta fito da tsarinta na kula da haƙƙin takardu a 2003, akwai kuma mazubin da ake kira TDF (Trusted Data Format), wanda ya samo asali daga hukumomin leƙen asirin Amurka. Shi TDF, ZIP ne a waje, a ciki kuma akwai takardar a kulle, tare da bayanin ƙa'idarta. Mabuɗin kansa an naɗe shi yadda wata kwamfuta ta ma'aikatar da ke da takardar ce kaɗai ke iya kwance shi. Kafin ka buɗe sai manhajarka ta je can ta ce ga ni, ga muƙamina. In an cire sunanka jiya, yau ba za a ba ka ba.

Ni wannan na fi so ga takardun marasa lafiya da na ma'aikata, ballantana da Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023. Amma ku san abin da zai ci muku. Yana buƙatar intanet lokacin neman izini, kuma kun san halin sabis a ƙauyukanmu. Wanda ka tura wa ma sai yana da manhajar da ta san tsarin. Kuma in kwamfutar mabuɗan ta lalace ba ku da madadi, takardunku sun zama dutse.

Ɗan'uwa daga baya can yana nuna mini wayarsa. Gaskiyarka, malam. Wanda aka yarda ya karanta zai iya ɗaukar hoton fuskar kwamfutar, kuma babu mazubin da zai hana shi. Bayan sallar la'asar za mu dawo, kowa ya buɗe kwamfutarsa mu kulle fayil ɗaya da 7z mu ga yadda ake ɓoye sunayen.