Wa ke kai littafi gasar Booker?

[Rumfar mai cajin waya a bakin tasha, wani ƙauye a yankin Ringim. Wayoyi jere a kan tebur.]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da labari ya bazu cewa wata marubuciya Musulma 'yar Indiya ta ci gagarumar kyauta a Landan da littafin da ta rubuta da harshen garinsu, tambaya ɗaya ce ke yawo a zaurukan marubuta na WhatsApp: ina ake cike fom? Wata baiwar Allah ma cewa ta yi a taimaka mata da lambar waya, nata littafin a shirye yake, yau za ta tura.

Hajiya, babu fom, babu lamba. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin rajista zai shigar da ke, ki riƙe jakarki da kyau.

[Bangon littattafai suna wucewa da sauri.]

Mu share hanya tukuna, don ana cakuɗa abu uku. Nobel daga Suwidin take, mutum ake bai wa saboda aikinsa baki ɗaya, ita Wole Soyinka ya samu a 1986. Booker zalla ta littafin da aka rubuta da Turanci ce tun asali, ita Ben Okri ya ci a 1991. Ta ukun, wadda ake ta surutu a kanta, ita ce Booker ta ƙasa da ƙasa. A da marubuci take karramawa duk shekara biyu, har Chinua Achebe ya karɓa a 2007. Daga 2016 aka sauya mata tsari: duk shekara littafi ɗaya, kuma dole fassararre.

[Hoton Banu Mushtaq da Deepa Bhasthi riƙe da kyauta.]

To ga su nan, mutum biyu. Ku lura, biyu. Banu Mushtaq, lauya ce daga jihar Karnataka, ta yi rubutunta da harshen Kannada. Ta gefenta Deepa Bhasthi, ita ta mayar da shi Turanci. Littafin Heart Lamp, shekarar 2025. Kuɗin fam 50,000 ne, amma raba shi ake daidai wa daida, 25,000 ga mai littafi, 25,000 ga mai fassara. Masu cewa ta kwashe duka, a rage rabi. Lissafinsa a naira kuma na bar muku, kada in tayar wa wani da hawan jini.

[Yarinya zaune a kan tabarma a tsakar gida tana rubutu a waya. A bar hoton ya ɗan jima.]

Yanzu mu zo inda aka fi ɓata. Mu nan gasar da muka saba da ita ita ce irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016. Ki rubuta labarinki, ki tura da hannunki, ki jira sakamako. Shi ya sa kowa ya ɗauka Booker ma haka take. Ba haka take ba ko kaɗan.

A can marubuci ba ya shigar da kansa. Kamfanin ɗab'i ne ke shigar da littafi. Kuma ba kowane kamfani ba, sai wanda ya buga littafin a Birtaniya ko Ayalan cikin wa'adin gasar ta wannan shekarar. Kafin kamfanin ya buga kuwa, sai an samu wanda ya zauna ya fassara littafin daga farko har ƙarshe. Alƙalan gasar fassarar suke karantawa. Ko da Hausarki ta fi zuma, ba ita za su ɗanɗana ba, Turancin mai fassararki ne zai tsaya a gabansu.

[Kasuwar Maigatari, buhunan riɗi ana lodi a mota.]

Manomin riɗi a Maigatari ya san riɗinsa na tsallaka teku. Amma bai taɓa ɗaukar buhu a ka ya nufi bakin jirgin ruwa ba. Akwai mai saye, akwai mai tacewa, akwai mai takardun fita. In babu waɗannan, komai kyan riɗin, a rumbu zai kwana.

[Koma kan bangon Heart Lamp.]

Dubi yadda ta kasance da Banu Mushtaq. Labarai 12 ne a littafin, ta rubuta su tsakanin 1990 da 2023. Wato shekara sama da talatin mutanen Karnataka na karanta ta, Landan ba ta san da ita ba. Deepa Bhasthi ce ta bi tarin labaranta ta tsamo waɗannan 12, ta fassara, sannan wani ƙaramin kamfani a garin Sheffield, And Other Stories, ya buga ya shigar. Shi ne karo na farko da tarin gajerun labarai ya ci wannan kyauta, kuma na farko daga Kannada.

Abin da ke cikin littafin fa? Matar da ta yi yaji 'yan'uwanta suka mayar da ita ɗaki. Matar da miji ya watsar don 'ya'ya mata take haifa, tana bin shugaban masallaci ya shiga maganar. In da za a sauya sunaye, wallahi sai ki rantse a bayan gidanku aka yi. Ni a ganina, akwai marubutanmu mata a Kano da suka taɓo wannan ciwon da zafin da bai gaza nata ba.

[Tsofaffin littattafan Hausa a kan tiren mai talla.]

Kuma ba a ce ba a taɓa gwadawa ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara, ya fito a 1990. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a 2012. A ina? A Chennai ta Indiya, kamfanin Blaft. Kun ga wani ikon Allah, Indiya ta bugo namu, Ingila ta bugo na Indiya. A ƙa'idar gasar ta yau, bugun Chennai kaɗai ba ya shigar da littafi, sai wani kamfani a Birtaniya ko Ayalan ya ɗauka ya fitar da nasa bugun.

[Hotuna a gurguje: Oman, Koriya ta Kudu.]

Haka sauran waɗanda suka ci kyautar suka bi, ta hannun mai fassara. Jokha Alharthi ta Oman, 2019, littafin Larabci na farko da ya ci, Marilyn Booth ta fassara. Han Kang ta Koriya ta Kudu, 2016, da fassarar Deborah Smith, shekara takwas bayan nan ta ɗauki Nobel.

[Mai magana ya fito a fuska, ƙarƙashin darbejiya.]

Saboda haka, Hajiya mai neman lamba, wanda ya kamata ki nema shi ne mai fassara da ya iya adabi a harsunan biyu, ba wanda zai zuba littafin a manhaja ya kwaso miki ba. Ya fassara babi ɗaya ko biyu a matsayin samfuri, da shi ake tallata littafi ga kamfanoni. Ku kuma malaman sashen Hausa da na Turanci a BUK da jami'ar Dutse, rabin kuɗin nan fa na mai fassara ne. Na dai faɗa muku.

Masu tambaya kan haƙƙin mallaka idan an fassara littafi, wannan sai bidiyo na gaba. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa.