Darasi: Yadda Ake Karanta Tsoffin Ƙasusuwan Mutane a Tsibiran Pasifik

Masu sauraro, assalamu alaikum. Darasinmu na yau ya shafi wata tambaya mai nauyi da masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ke fuskanta a tsibiran Tekun Pasifik: idan aka tono ƙashin mutum aka ga alamar yanka ko ƙuna a jikinsa, ta yaya za a gane ko an ci naman mamacin ne, ko kuwa danginsa ne suka yi masa jana'iza bisa al'adarsu?

Aikin yana farawa ne da tantance lokacin da ƙashin ya karye. Ɗanyen ƙashi, wanda bai daɗe da rabuwa da rai ba, yakan tsage a karkace kamar ɗanyen rake, bakinsa sumul, launin tsagin kuma daidai da na sauran jikinsa. Wanda ya bushe a ƙasa shekaru aru-aru kuwa yakan ɓalle ne a miƙe, bakinsa kaca-kaca, launin wurin ya fi haske. Daga nan sai a sa sawun yankan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin kaifin dutse ko na ɓawon katantanwar teku yakan bar siririn layi mai tsini a ƙasansa, alhali haƙorin ɓera yakan bar faffaɗan layuka biyu a jere. Ana kuma lura da inda yankan ya faɗa: a bakin gaɓa ne, ko a inda tsoka ta fi kauri, ko kuwa an fasa dogon ƙashin cinya don a kai ga ɓargo.

Sai dai duk wannan bai isa hujja ba, kuma nan ne nake son ku tattara hankalinku. A 1947 wani masani Ba'amurke, Edward Gifford, ya yi tono a wurare biyu a tsibirin Viti Levu na ƙasar Fiji, wato Navatu da Vunda, ya kuma samu ƙasusuwan mutane a cikin jujin da mazauna ke zubar da ragowar abinci. Bayan fiye da shekara 50, David DeGusta ya sake duba su ta hanyar kwatanta kashi uku: ƙasusuwan mutane na juji, na dabbobin da aka ci, da na mutanen da aka binne a kabari. A Navatu ya tarar an yanka, an fasa, an ƙona ƙasusuwan mutanen juji kamar yadda aka yi wa na dabbobi, sun kuma sha bamban da na kaburbura, don haka a 1999 ya bayyana cewa an ci naman mutane a wurin. A Vunda kuwa, ƙasusuwan juji sun fi kama da na kaburbura, sai ya ce hujjar ba ta tsaya ba. Tsibiri ɗaya ne, mai tono ɗaya, amma hukunci biyu, kuma a ganina wannan taka-tsantsan wajibi ne, ganin cewa mutanen nan suna da jikoki a raye, kuma labaran da Turawan jiragen ruwa da 'yan mishan suka rubuta a kansu ba duka ne abin dogaro ba.

Maƙabartar Teouma da ke tsibirin Efate a Vanuatu, wadda aka gano a 2003, ta mutanen Lapita ce, wato mutanen farko da suka zauna a can kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Manyan da aka binne a cikinta ba a same su da kawunansu a wuyansu ba. Wanda ya yi gaggawa sai ya ce kisan gilla ne, amma yadda sauran ƙasusuwan suka kwanta ya nuna cewa an bar gawa ta ruɓe tukuna, sannan aka dawo aka buɗe kabarin aka ɗauke ƙoƙon kan. Wasu an ajiye musu zoben katantanwa a gurbin kai, wani dattijo kuma an jera masa ƙoƙunan kai uku a ƙirji, abin da masana ke fassarawa da girmama magabata.

Akwai kuma inda al'amuran biyu suka haɗu. Mutanen Fore na Papua New Guinea sun kasance suna cin sassan jikin mamatansu a matsayin wani ɓangare na makoki, wanda ta hanyarsa cutar kuru, mai lalata ƙwaƙwalwa, ta yaɗu musamman a tsakanin mata da yara, har aka daina al'adar wajen ƙarshen shekarun 1950. A irin wannan hali, ƙashi zai iya nuna an yanka an dafa, amma dalilin yin hakan sai an haɗa da bayanin mutanen wurin da tsarin kabarin kafin a fahimce shi.