Jawabin Maraba Ga Mai Girma Shugaban Hukumar Gidajen Tarihi Ta Ƙasa, Daga Masu Adana Tsofaffin Kuɗi Na Kano

Ranka ya daɗe, barka da zuwa birnin Dabo. Kishinka ga kayan tarihi ba sai mun faɗa ba, don haka za mu fara da abin da ya hana mu barci: muna roƙon ɗaki guda na adana tsofaffin kuɗi a gidan tarihi na Gidan Makama kafin watan nan ya ƙare.

Ɗaya daga cikin dattawanmu ya rasu, ya bar akwatunan tsofaffin kuɗin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen tarawa, magada suna jiran rabon gado, dillalai kuma har sun fara zarya. Ba mu ga laifin magada ba, haƙƙinsu ne, amma mun san inda irin wannan ke ƙarewa. Sarki Faruk na Masar ya tara tsabar zinare wajen 8,500, da sojoji suka tumɓuke shi a 1952 sai aka yi gwanjonsu a Alƙahira a 1954, suka watse a duniya. Sarkin Italiya Victor Emmanuel na Uku kuwa, da zai sauka a 1946, mutanen ƙasarsa ya bar wa nasa, sama da 100,000, kuma suna nan a birnin Rum.

Kano ba baƙuwar kuɗi ba ce. Tun zamanin Muhammadu Rumfa Kasuwar Kurmi ke ci, kuma da Bature matafiyi Barth ya iso a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A akwatunan nan akwai wurin, akwai dalar azurfa ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, mai shekarar 1780 wadda fatake suka ratso hamada da ita, ga anini da kwabo masu huji, taro, sisi, sule da fataka, har zuwa shigowar naira a 1973. Da yawan irinsu maƙera sun narkar sun yi zobe da awarwaro, wasu kuma baƙi sun kwashe a kan kuɗin goro, har ta kai 'ya'yanmu suna cewa ba su da ko anini alhali ba su taɓa ganinsa ba.

Muna buƙatar akwatunan gilashi da ma'aikacin da zai rubuta kowace ƙwaya, amma waɗannan za su iya jira. Ɗakin nan ne ba ya jira, ranka ya daɗe, tare da takarda daga hannunka zuwa ga magada cewa hukuma za ta saya, don su dakata wa dillalai. Allah ya maida kai gida lafiya.