Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaurewar Tsoka da Gwamen Ƙafa

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba daga Tudun Wada ta fito, nan Zariya. Wata baiwar Allah ce ta ce 'yarta mai shekara 11 sha-raɓarta kan ɗaure ta yi tauri kamar dutse, yarinya ta yi ta ihu na 'yan mintoci kafin ya saki. Gashin kanta ya zube har da gira, ga zawo, yanzu kuma ƙafa ta fara gwame. Dangi sun ce iska ce, wasu sun ce a kai wa mai ɗori.

To Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Gwame ba baƙo ba ne a wurinmu. Sau da yawa ƙarancin sinadarin kalsiyam ke kawo shi, ƙarancin nan kuma yana sa tsoka ɗaurewa, don haka gwajin jini ne farko. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki shi ne gashin nan da zawon. Haɗuwarsu da ɗaurewar tsoka ta yi kama da wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, Satoyoshi, sunan likitan Japan ɗin da ya bayyana ta a 1967. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 6 da 15, kuma ta fi kama mata. Likitoci na ganin garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita.

Yaya aka yi har ta taɓa ƙashi? A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi mai laushi, daga nan tsawo ke fitowa. Tsoka ta yi ta fizgar wurin dare da rana, sai ya goce ko ya lalace, ƙafa ta karkace, tsawo ya tsaya. Shi ya sa wanda ta kama bayan ya gama girma, galibi ƙashinsa kan tsira.

Mai ɗori karaya yake gyarawa, nan kuwa babu karaya, ja da matsa sai su ƙara ɓarna. Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Shika, likitan yara ya duba ta. Idan cutar Satoyoshi ce, akan ba da prednisolone mai lafar da garkuwar jiki, wani lokaci a haɗa da dantrolene mai sassauta tsoka, amma don Allah kar ki je kemis ki saya da ka. Kafin ranar ganin likita, duk sa'ad da ciwon ya taso ki ɗauki bidiyonsa da waya, don ba lalle ne ya tashi a gabansa ba.