Robar mahaifa da ciwon sanyi mai dawowa

An rubuto daga rikodin laccar da wata likitar mata ta yi wa taron mata a Sakkwato.

Assalamu alaikum iyayena mata da 'yan uwana. Ƙorafin da nake yawan ji a ɗakin tazarar haihuwa shi ne, "Likita, tun da aka sa mini robar mahaifa sanyi ya ƙi rabuwa da ni." Ba na ƙaryata mai faɗin haka, amma a bi abin daki-daki.

A gaban kowace mace Allah ya ajiye wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sa wurin ya yi tsami, tsamin nan kuwa shi ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. In ya ragu, sanyin da muke magana a kai ke nan, sai ki ga ruwa mai tsinkewa, fari-fari ko ruwan toka, da ƙarni irin na kifi, musamman bayan saduwa ko al'ada. Jini yana rage tsamin, ita kuma roba mai jan ƙarfe, wadda ke kai shekara 10, takan ƙara jinin al'ada da kwanakinsa. Wani bincike kan matan Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe, da aka wallafa a 2021, ya nuna masu wannan robar sun fi matan da ba sa tazara, ko masu bin wata hanyar da ba ta sinadarin hormon ba, kamuwa da wannan sanyin da kusan kashi 28 cikin 100. Ƙari ne, amma ba mai tayar da hankali ba. Roba mai sinadarin hormon ita rage jini take yi.

Ciwon da ke hawa can cikin mahaifa daban ne. Haɗarinsa ya fi yawa a kwana 20 na farko bayan sa roba, galibi in da ma akwai cutar da ake ɗauka ta saduwa. Zazzaɓi da ciwon mara a wannan lokacin, a garzaya asibiti.

To, kafin mu ɗora wa roba laifi, Hajiya, me kike cusawa? Mu Sakkwatawa an san mu da kayan mata, ban zo in ɓata wa kowa sana'a ba (dariya). Amma matsi, da miski a kan auduga, da kama ruwa da Dettol har ciki, duk suna kashe ƙwayoyin nan masu tsaron ki. Ruwa zalla daga waje ya wadatar.

Maganin wannan sanyin mai ƙarni shi ne Flagyl, sau biyu a rana har kwana 7, kuma ba sai an cire roba ba. Kar ki ajiye shi ran da warin ya ɗauke. Ko an sha daidai, fiye da rabin mata yakan dawo musu cikin shekara. A 2025 masu bincike a Ostireliya sun gano in aka yi wa miji magani tare da matarsa, dawowar takan ragu ƙwarai. A gidan da ke da abokiyar zama, ku faɗa wa likita tun farko.

In an gyara duk wannan ya ci gaba da dawowa, sai mu zauna mu duba cire ta, ki koma allura ko ashanar hannu. Baba da ke can baya, na ga hannunki, bismillah.